Irin Albasa a Bayan Wayar Filin Jirgi

Matar yayana ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, amma shekara arba'in da ɗaya ta yi tana aiki a ƙarƙashin cikinsa. Lambunta yana bayan wayar filin jirgi, taku tamanin daga shingen, a wata shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasa da ke tsakanin wayar da rafi. Lambuna talatin da takwas ne a wurin, nata ne mafi ƙanƙanta, fangali goma sha biyu kacal. Idan babban jirgin ƙarfe goma sha ɗaya ya taso, inuwarsa ta bi ta kanta, sai ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce lokacin shan ruwa ya yi. Ba ta da agogo, kuma ban taɓa jin ta makara ba.

Kowa Inna Mai-iri yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni kaɗai nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Ɗan Boko, ko da yake na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa har na yi ritaya, furfura ta gama da kaina. Wasan matar wa da ƙanin miji ne, bai mutu ba ko bayan da muka binne yayana.

Sauran masu lambun albasa suke nomawa don kasuwa. Ita iri take yi. Asalin abin kuwa, shekararta uku a gidanmu yayana ya sayo iri na gwangwani a kanti. Albasar ta yi manya ƙwarai, ya riƙa kiran mutane su zo su gani. Kafin wata biyu ta ruɓe a ɗaki, ruwanta yana bin ƙofa. Ranar da ake kwasar ruɓaɓɓiyar za a zubar, Yaya ta tsuguna ta tsince guda goma sha tara da suka ƙi ruɓewa. Ta ajiye su har lokacin sanyi ya zagayo, ta mayar da su ƙasa, suka fitar da kara, suka yi fure, ta sami iri cikin tafin hannu biyu. Daga waɗannan goma sha tara duk albasar wurin ta fito: ja ce, mai siririn wuya da kaurin ɓawo, tana wata biyar a ɗaki ba ta ce uffan ba.

Tun daga nan aikinta bai sauya ba. Lokacin cira takan bi lambuna ɗaya bayan ɗaya tana zaɓen uwaye. Ta ɗaga albasa ta auna nauyinta a hannu, ta danna babban yatsa a gindin wuya, ta shinshina. Cikin ɗari da wuya ta ɗauki uku. Su za ta dasa, su ba da irin da kowa zai shuka baɗi. Ba a kuma iya tsallake shekara, domin irin albasa ba ya jure ajiya. Bayan shekara guda rabinsa ya mutu, bayan biyu daidai yake da ka shuka toka.

Akwai kuma zancen gwangwanaye. Da farko ƙudan zuma ne ke bin furen. Da aka fara fesa wa ciyawar filin jirgi magani sai suka yi ƙaranci, kawunan suka riƙa fitowa fanko. Yaya ta lura cewa koren ƙudan nan na bakin mahauta shi ma yana sauka a kan furen. Sai ta samo gwangwanayen madara, ta zuba hanjin kifi a ciki, ta huhhuda murfin, ta rataye su a sanduna tsakanin fangaloli. Ƙudaje suka zo, iri ya dawo. Amma wata guda a kowace shekara, wanda zai wuce ta gefen lambunta sai ya ja riga ya toshe hanci. Ana yi mata tsiya, ita kuma ta ce, "Ku toshe da kyau. Baɗi da wannan hannun za ku miƙo mini takarda in ƙunsa muku."

A irin wannan watan ne muka wayi gari da turaku masu jan ƙyalle a kusurwoyin lambuna. Bayan kwana biyu wasiƙa ta iso. Hukumar filin jirgi tana son wurin don ta yi wa matafiya wurin ajiye motoci. Ni ne sakataren ƙungiyar masu lambu, ba don ina da lambu ba, sai don ni ne mai rubutu. Ranar Asabar muka taru a aji huɗu na makarantar firamare, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa tana neman haɓa. Na karanta wasiƙar sau biyu. Ta ce ƙasar da ake nomawa ba za a karɓa ba sai an yi zaman sauraron masu ita, wadda kuwa ba a nomawa za a karɓa kai tsaye. Kwamiti zai zo ranar Alhamis ya gani da idonsa. A ƙasan wasiƙar akwai layi ɗaya da ya ce an sami rahoto wurin yana tara tsuntsaye, waɗanda haɗari ne ga jirage.

Shugaban ƙungiya shi ne Mai-famfo, wanda injinsa ke jan ruwa daga rafi ya zuba a hanyar da ta ratsa dukkan lambunan. Mutum ne mai murya, mai saurin yanke magana, kuma ba shi da mugunta. Ya ce kowa ya kawo shawara. A nan na miƙe na faɗi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce a makarantar mishan da na yi, idan sufeto zai zo, kwana uku muke share fili, mu shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, mu jera allunanmu bisa tsayi. Ban taɓa ganin sufeton da ya tarar da wuri tsaf ya rubuta mummunan rahoto ba. Na ce mu gyara wurin, su ga mutanen kirki ne ke aiki a nan.

"Malam ya gama magana," in ji Mai-famfo. "Ni kuma zan ƙara. Mu cire albasar gaba ɗaya, mu jera buhuna a bakin hanya tun daga kwalta har rafi. Su ga abin da ƙasar nan take haifarwa, in ya so su gaya mana ko mota tana haihuwa."

Aka yi dariya, aka tafa. Wani ya ce ai saura mako biyu ta nuna.

"Mako biyu? Idan katafila ta riga ka fa? Gara tana buhu," in ji Mai-famfo.

Daga bencin baya Yaya ta ce, "Wuyanta ɗanye ne."

"Me kika ce, Inna?"

"Na ce wuyanta ɗanye ne. Wadda aka cire da ɗanyen wuya ba ta wata ɗaya a ɗaki. Uwayen baɗi daga ina zan zaɓe su?"

"Haba Inna, ana maganar ƙasa kina maganar baɗi. Idan ƙasar ta tafi a kan me za ki dasa uwayen, a kaina?"

"Da faɗinsa kam," in ji ta. Aka sake fashewa da dariya, shi ma ya yi dariya ya shafa sanƙonsa. Amma da dariyar ta lafa sai ya gyara tsayuwa.

"To tunda kin yi magana, sai mu zo kan naki. Kin ji layin ƙarshe. Tsuntsaye. Idan mutanen nan suka shaƙi warin gwangwanayenki, suka ga karan nan naki tsaitsaye kamar dajin da ba mai shi, kin kashe mu duka. A yanke shi, a share wurin."

"Furen bai gama ba. Kwana talatin nake so."

"Kwana biyar muke da su."

"To ku yi da biyar ɗinku, ni zan yi da talatin ɗina." Ta juyo ta dube ni. "Ɗan Boko, rubuta a littafinka cewa ban yarda ba. Kuma ka rubuta wannan: idan kuka cire taku ɗanya, abin da ke kan karan nan nawa shi kaɗai ya rage na albasar nan a duniya."

Na rubuta. Sauran talatin da bakwai suka ɗaga hannu.

Daga Lahadi zuwa Laraba ba a taɓa aiki irin wannan a wurin ba. Aka tuge albasa, aka yanke lawashi, aka ɗura a buhuna. Aka bi fangaloli da manjagara aka baje su sumul, aka ƙone ciyawa, aka share hanyoyi da tsintsiya. Ni da kaina na riƙe bokitin farar ƙasa ina bin duwatsu. Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya tuna mini da filin makarantarmu a safiyar zuwan sufeto, har na ji ƙamshin jiƙaƙƙen alli a hancina.

Ranar Litinin ce ranar ruwan Yaya. Mai-famfo ya sa aka toshe bakin hanyarta da buhun yashi, ya ce sai ta yarda. Ba ta je ta roƙe shi ba. Ta ɗauko bokiti biyu ta nufi rafi, taku ɗari uku zuwa, ɗari uku dawowa, tana da shekara sittin da takwas. Na ajiye burushina na je zan karɓa.

"Bar shi, hannun alli ne da kai. Je ka ƙarasa yi wa duwatsu kwalliya, kada su ji kunya gaban baƙi."

Na karɓi ɗaya da ƙarfi. Sawu huɗu na yi numfashina ya ƙare. Ita ta yi ashirin da shida, na ƙirga.

Laraba da la'asar Mai-famfo ya zo da mutum huɗu, kowa da lauje. Ya kuma aika an kira babban ɗanta, wanda ke tura keken kayan matafiya a cikin filin jirgin, ya zo da rigar aikinsa a jiki. Suka tarar da ita zaune a kan kifaffen bokiti a bakin fangali na farko. A bayanta karan ya kai ƙirjin mutum, fararen kawuna kamar dunƙulen hannu, ƙudaje suna ta shawagi.

"Inna, don Allah," in ji ɗan. "A ciki an san ni ɗanki ne. Shugabanmu ya riga ya tambaye ni ko uwata ce mai tara shara a bayan waya."

"Me ka ce masa?"

Ya kau da kai yana gyara wuyan rigar aikinsa.

"Ba ka ce masa da sharar aka saya maka takalmin makaranta ba?" Ta miƙa hannu wajen ɗaya daga cikin mutanen. "Ba ni laujen nan." Ya ba ta. Ta juya ƙotar ta miƙa wa ɗanta. "Ungo. Ba na son bare ya taɓa. Kai na haifa, kai za ka fara. Ga na farko nan, kama shi a wuya."

Ya karɓa. Mai-famfo ya buɗe baki zai yi magana, sai jirgin ƙarfe biyar ya taso, ya bi ta kanmu da ƙararsa da ke shiga har cikin haƙori. Rabin minti ba mai jin wani, kowa yana tsaye yana kallon ɗan'uwansa. Da ƙarar ta wuce, ɗan ya sunkuya ya ajiye laujen a ƙasa, ya juya ya tafi bai waiwayo ba. Mutanen huɗu suka dubi Mai-famfo. Ba wanda ya ɗaga ƙafa.

"Shi ke nan," in ji Mai-famfo. "Tunda ba ya yankuwa, a rufe shi."

Kafin rana ta faɗi an ɗinke tsofaffin buhuna, an kafa sanduna, an zagaye lambunta da shinge mai tsayi ta yadda daga hanya ba a ganin komai. Aka gaya mata gobe kada ta fito sai baƙi sun tafi.

Ƙarfe goma saura kwata motoci uku suka tsaya. Akwai injiniya mai farar hular kwano, da wani mai kwat da bai ce komai ba har suka tafi, da 'yan sanda biyu, da wata matashiya jami'ar aikin gona mai tabarau, riƙe da fayil. Buhuna ɗari huɗu da goma sha biyu suna jere a bakin hanya, masu su a tsaye a bayansu cikin wankakkun tufafi. Na fara karanta jawabin maraba da na kwana biyu ina gyarawa. Ina sakin layi na biyu injiniya ya dubi agogonsa ya ce a wuce wurin aiki.

Jami'ar ta buɗe fayil. "Lambu na ɗaya na wane ne?"

"Nawa ne, 'yata," in ji Mai-famfo. Ya kai ta bakin lambun yana murmushi.

Ta dubi ƙasar da aka baje, ta dubi takardarta, ta sake duban ƙasar. "Baba, ina shukar?"

"Ga ta can a buhu. Talatin da ɗaya nawa ne. Buɗe ki gani."

"Ba buhu aka aiko ni in duba ba." Ta juyo masa da takardar, ko da yake ba ya karatu. Ni na matso na gani. Gaban kowane lambu gida biyu ne kawai: akwai shuka a tsaye, babu shuka a tsaye.

"Amma shekaranjiya muka cire," in ji Mai-famfo. "Kowa ya gani. Malam, gaya mata."

Na gaya mata. Na ce don girmama su muka yi. Injiniya ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Irin buhunan nan ko yau da safe na wuce su a kasuwa," ya ce. "Wa ya san inda aka ɗauko su? Amma wurin kam kun daidaita mana shi, mun gode. Kun rage wa katafila aikin kwana biyu."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta tona ƙasa da gindin bironta, ta zaro saiwar albasa fara, ɗanya shar. Ta yi rubutu a gefen takardar. Injiniya ya leƙa ya ce mata ba mai karanta gefe. Ta ce ta sani. Sannan ta sa alama a gidan babu.

Haka muka bi su lambu bayan lambu. Babu. Babu. Mutanen da suka bar buhunansu suka biyo mu, ƙarar takalmansu tana tashi a kan hanyar da muka share da hannunmu. Wata mata ta fara kuka a hankali, mijinta ya daka mata tsawa. Mun kai na ashirin da uku iska ta juyo daga wajen rafi. Injiniya ya zaro hankici ya toshe hanci.

"Me ke bayan buhunan can?" in ji jami'ar.

"Ba komai," Mai-famfo ya yi saurin cewa. "Tarkace ne."

Ta riga ta nufi wurin. Ta ɗaga gefen buhu ta shiga, muka bi ta. Yaya tana ciki, ba ta bi umarnin kowa ba, tana tsaye da kwano tana sake wa gwangwani hanjin kifi. Ba ta ajiye kwanon ba.

"Ga shi nan," in ji injiniya ta bayan hankicinsa. "Jujin da aka kawo mana rahoto. Rubuta."

Jami'ar ba ta ji shi ba. Ta kama wani kai a hankali ta juya shi, ta dubi ƙudajen da ke yawo a kan furen. "Inna, ƙuda kike kira da gangan?"

"To wa zai yi mini aikin? Zuma ta gudu, kun fesa mata magani."

"An gaya mana wannan a makaranta. Ban taɓa gani da idona ba." Ta girgiza gwangwani ɗaya, ta duba murfin. "Tsuntsu ba ya iya kaiwa ga abin da ke ciki."

"Shekara goma sha shida ko hankaka bai taɓa sauka ba. Ya fi wancan mai farar hular wayo, ya san ba nasa ba ne."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya juya baya, kafaɗarsa tana motsi.

"Kwana nawa ya rage ya nuna?" in ji jami'ar.

"Ashirin da biyar."

Yarinyar ta sa alama a gidan akwai, ta danna biron har na ji takardar ta yi ƙara. Cikin talatin da takwas, shi kaɗai ne.

Ranar Litinin injuna suka shigo. Masu lambu talatin da bakwai aka nuna musu wani fili mai tsakuwa, tafiyar awa guda a mota, aka ce can za su koma. Albasar da ke buhuna ta fara zubar da ruwa kafin mako uku, aka sayar da abin da ya sayu, aka zubar da saura. Mutane suka daina gaishe ni a hanya, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, wasu har da Yaya suka ji haushi, kamar ita ta ci amanarsu da ta yi daidai.

Aka sa ranar sauraronta bayan kwana goma sha huɗu da zuwan kwamitin. Kafin nan lambunta ya zama tsibiri a tsakiyar jar ƙasa, an zagaye shi da igiya. A rana ta biyu katafila ta datse hanyar ruwa, aka kuma kafa kwanon rufi tsakaninta da rafi. Karan yana bukatar ruwa sau biyu kafin a bar shi ya bushe. Ina tsaye tare da ita muna kallon ganyen yana laushi, sai ga babur ya ratso ta cikin injuna da jarka shida a ɗaure, maigadi yana bin sa yana ihu. Mai-famfo ne. Ya sauke jarkokin bai gaishe mu ba.

"Ba don ke ba ne," ya ce. "Ba ni da abin shukawa baɗi."

"Na sani. Zuba a gindi, a hankali, kada ka kwantar mini da kara."

Sawu tara ya yi a ranar, ya sake tara bayan kwana biyar.

Sai kuma wata matsalar da ba wanda ya hango. Injin da ke danne ƙasa idan ya wuce, wurin duka rawa yake yi. Kawunan da suka riga nuna suka fara buɗewa, baƙin irin yana zuba ƙasa. Yaya ta yayyaga tsohon gidan sauronta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure musu kai. Daga hantsi har yamma tana cikin ƙurar injuna, idanunta sun yi ja, tari ya kama ta. Ɗanta ya riƙa zuwa bayan ya tashi aiki, ya cire rigar aikin ya cusa a jaka kafin ya tsallaka igiya.

Zaman sauraron a wani ofis aka yi, hawa na uku, sanyin na'ura yana kaɗa takardu. Mutum uku ne a bayan tebur, jami'ar gonar tana zaune a gefe. Na zo da shafi huɗu. Na fara bayanin shekarun da aka yi ana noma wurin, na ga shugaban zaman yana kallon taswirar da ke gabansa, inda aka riga aka zana layukan motoci a kan fangali goma sha biyun. Yaya ma ta gani, ko da yake ba ta karatu. Ta ja gefen rigata.

"Ɗan Boko, zauna. Ƙasar ta tafi." Ta fuskanci teburin. "Ranka ya daɗe, ni ba ƙasa na zo roƙo ba. Kwana goma sha ɗaya nake so."

Shugaban zaman ya ce mai kwangila yana da ranar da zai miƙa aiki, kuma wurin nata a kan hanyar magudana yake. Jami'ar ta miƙe ta ce iri ne da babu shi a ko'ina, idan aka yanke shi ɗanye ya tafi ke nan. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Ya ɗago ya ce kwana huɗu.

"Goma sha ɗaya," in ji Yaya.

"Huɗu, Inna. Da bai kamata ma in ba da ko ɗaya ba."

A kan matakala tana saukowa tana riƙe da ƙarfe, ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Saura bakwai. Bakwai ɗin nan a ɗakinka za su cika."

Ban gane ba sai ranar yanka. Katafila tana tsaye a bakin igiya tun ƙarfe bakwai, injinta a kunne. Yaya ta je ta ɗaga wa direban hannu ta ce rawar ƙasar tana zubar mata da iri. Ya dubi hagu da dama, ya kashe. Mutum goma sha ɗaya cikin tsofaffin maƙwabtanta suka zo, ba wanda ya kira su. Ta hana a yanke kai kaɗai yadda aka saba. Ta ce a yanko da kara tsawon kamu guda, domin ruwan da ya rage a cikin karan ya ci gaba da shayar da irin. Aka riƙa ɗaurawa dami-dami ana kwantarwa a kan zannuwan gado. Ƙarfe ɗaya da minti goma aka ɗaga na ƙarshe. Ba mu kai bakin kwalta ba muka ji injin ya tashi. Ba ta juya ba.

Ɗakinta ƙarami ne, don haka falona aka kai su. Aka ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga, aka rataye dammunan kai a ƙasa, aka shimfiɗa zannuwa. Mako uku ina shiga ɗakin kwanana a sunkuye. Littattafaina har yau warin albasa suke yi.

Da suka bushe ta murje su a tafin hannu, ta sheƙe, ta zuba a baho ta cika da ruwa. Mai kyau yakan nutse, fanko ya taso. Abin da ya taso ya rufe fuskar ruwan baki ɗaya. Ta kwashe shi da hannu ta zubar. Wanda ya nutse ta shanya a inuwa. Sannan ta jiƙa tsohon buhu ta shimfiɗa a ƙarƙashin teburina, ta ce in ƙirga mata ƙwaya ɗari daidai, tunda ƙirga kaɗai aka koya mini. Na jera su goma-goma. Ta ninke buhun a kansu.

A shekara mai kyau, in ji ta, casa'in ke tsirowa, kuma a rana ta biyar ake fara ganin farin baki. Rana ta biyar muka buɗe, babu ko ɗaya. Ta shida ma haka. Ta yayyafa ruwa ta rufe, ta zauna a kujerata har azahar ba ta yi mini tsiya ko sau ɗaya ba, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. A ta bakwai na sa tabarau na durƙusa, na ga tara. A ta goma, arba'in da bakwai. Ta ce a ƙara musu kwana biyu.

Ranar ta goma sha biyu Mai-famfo yana bakin ƙofa tun kafin mu buɗe, ya ƙi shigowa.

"Nawa?" ya ce.

Na ƙirga sau biyu. "Hamsin da uku."

"Ya isa, Inna?"

"Idan kun ninka hannu wajen shuka, ya isa." Ta jawo kwanon irin da ƙaramin kofin shayi, ta sa na yayyage tsohuwar jarida. Ta riƙa aunawa tana ƙunsawa, ni ina jerawa a kan tebur, har ƙunshi talatin da bakwai. Kwanon ya koma wayam.

"Naki fa?" na ce.

"In shuka a ina, a kan kwalta?" Ta ɗauki ƙunshi ɗaya ta miƙa wa Mai-famfo, amma ba ta saki ba. "A sabon wurin naka za ka bar mini fangali biyu, na kusa da ruwa."

"Inna, tsakuwa ce zalla. Ko ciyawa da kyar take fitowa."

"Kai ka ce. Gobe da safe ka zo da babur ɗinka ka kai ni in gani."